Licence ba lasisin tuƙi ba ne

Wani saurayi ɗan unguwarmu a nan Malanville ya tare ni a ƙofar gidan rediyo bayan na sauka daga shirin safe, riƙe da ambulan. Shekara uku ya yi a Jami'ar Paraku, ya fito da Licence a fannin tattalin arziki, yana neman gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Najeriya, can wajen dangin mahaifiyarsa. Aka ce ya kawo takardunsa da Ingilishi. Ya kai wa wani mai shagon kwamfuta, ya biya sefa jikka biyar, aka buga masa, aka danna hatimi.

"Yaya, duba mini," ya ce. "Sun dawo da su."

Na duba, na rasa dariya zan yi ko kuka. Licence ta koma License, wato lasisi, irin na direba ko na mai shagon magani. Mémoire, kundin binciken da ya kwana yana rubutawa, ya koma memory, wato tunawa. Stage, wata ukun da ya yi yana koyon aiki a banki, an bar shi yadda yake, alhali a Ingilishi kalmar dandamali take nufi. Ma'aikacin da ya karɓi wannan takarda a Najeriya ba ni da abin zarginsa. Ni ma da a kujerarsa nake, da na mayar da ita.

Abin da nake son masu hatimi su ji shi ne, fassarar takardar karatu ba aikin ƙamus ba ne. Wanda zai yi ta dole ya san makarantun ƙasashen biyu, aji aji. Ɗauki sakamako kawai. A wurinmu maki bisa 20 ake bayarwa: 10 Passable, 12 Assez bien, 14 Bien, 16 Très bien. Duk wanda ya zauna a gaban malamanmu ya san 16 sai an tona, 12 kuwa abin a yi wa yaro barka ne. Amma idan aka juya Assez bien kalma da kalma, sai ta fito kamar "ba laifi", irin amsar da ake ba mai tambayar jikin majinyaci. Yaron da ya yi zarra a ajinsu ya koma ɗan rakiya a kan takarda.

Kuskuren kuma ba kullum ƙasa yake ja ba, wani lokaci sama yake ɗagawa, kuma nan ne haɗarin ya fi. Baccalauréat, wato BAC, jarrabawar kammala sakandare ce, amma ta yi kama da Bachelor a ido, har wani ya rubuta haka, ɗan sakandare ya wayi gari da digiri. Maîtrise ta tsohon tsari shekara huɗu ce bayan BAC, ba Master's ba ce, ko da kunne ya ji kamar ita. Collège a nan makarantar yara 'yan sakandare ce, a Najeriya kuwa idan aka ce kwaleji sai hankali ya tafi kwalejin ilimi mai ba da NCE. Mai gaskiya fassara ta rage masa, maƙaryaci ta ƙara masa.

Maƙaryatan kuwa sun riga sun ja mana. A Disamba 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta mai zaman kanta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba. A Janairu 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, a Agusta kuma ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce jami'o'i biyar kawai aka amince da su a Benin, uku a Togo. Ta Paraku na cikin biyar ɗin, haka ma ta Abomey-Calavi. Amma ɓera ya riga ya ja wa daddawa zagi. Yau duk takardar da ta fito daga Benin da ido biyu ake kallonta, sai kuma ta zo ɗauke da lasisi da dandamali.

Akwai wata ƙorafin da nake yawan ji daga masu kiran waya na Kamba da Birnin Kebbi, wai Licence shekara uku ce, digirin Najeriya huɗu, don haka ba ɗaya ba ne. To mu ƙirga. Yaron Benin yana yin firamare 6, sakandare 7, Licence 3. Na Najeriya firamare 6, sakandare 6, jami'a 4. Duka 16 ne. Shekarar da ake cewa ta ɓace tana nan a ajin Terminale. Ana iya gardama a kan ko ajin ƙarshe na sakandare ya kai shekarar farko ta jami'a, gardama ce ta masana, ban hana ba. Sai dai ba za a fara ta ba in takardar da ke teburi ba ta ma bayyana cewa sakandarenmu bakwai ce ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Mutanen Holan suna da makarantun gaba da sakandare da suke kira hogeschool. In ka bi ƙamus, high school za ka rubuta, wanda a Amurka sakandare ce. Ba su bar wa kowane mai shago ya yi yadda ya ga dama ba. Suka tsayar da suna guda na Ingilishi, university of applied sciences, kowa ya bi, kuma suna da hukumar Nuffic mai auna takardun waje da nasu. A Turai gaba ɗaya, ministocin ilimi sun amince a Berlin a 2003 cewa daga 2005 kowane ɗalibi zai karɓi takardar bayani haɗe da digirinsa, kyauta, ba sai ya roƙa ba, mai faɗin abin da ya karanta da matsayinsa da yadda ake ba da maki. Mun aro tsarin Licence, Master, Doctorat daga wurinsu, UEMOA ta zartar da shi a 2007. Mun karɓi riga, mun bar wandon a wurin tela.

Za a ce yaron ya tafi Kwatano wurin rantsattsen mai fassara. Tafiyar sama da kilomita 700 ce, ga kuɗin mota da masauki, ga ɗan mai sayar da albasa. Sa'annan rantsuwa a gaban alƙali ba ta koya wa mutum bambancin HND da digiri. Jami'ar da ta koyar da shi ita ta san abin da ta koyar, ita ya kamata ta ba shi takardarsa da Faransanci da Ingilishi rana ɗaya. CAMES, da aka kafa a Yamai tun 1968, da hukumar jami'o'in Najeriya NUC, me ya hana su zauna su fitar da jerin kalmomi guda, a manna shi a kowane ofishin rajista daga Paraku har Sakkwato? ECOWAS ta ba mu fasfo ɗaya, shanu da shinkafa suna ƙetare iyaka, takardar yaro ce ke tsayawa.

Mu ma masu makirfo da namu laifin. A sanarwar biki da ta gaisuwa, kowa "ya gama digiri" muke cewa, mai BAC da mai BTS da mai Doctorat, don kada mai biyan kuɗin sanarwa ya ji haushi. Ni da bakina na sha yi. Iyaye da yawa daga wurinmu suke jin waɗannan sunaye, mu ne kuma muka cakuɗa musu.

Saurayin nan mun zauna da shi da wani malamin Ingilishi da ya yi karatu a Zariya, muka bi takardar layi layi, muka ƙara shafi guda mai bayanin maki da shekarun. Ya sake aikawa, amma an riga an rufe ɗaukar ɗalibai na bana. Yana kasuwa yanzu yana riƙe wa kawunsa littafin lissafin buhunan albasa, yana jiran baɗi.