Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kano

Mai girma Shugaban Hukuma,

Wannan wasiƙa tana roƙon Hukumar ta shigar da gurɓatar muhalli da leda, wato ɓarnar da robar da ba ta ruɓewa take yi wa ƙasa da ruwa da dabbobi, cikin darussan firamare, domin yaron da ya yar da ledar ruwa lokacin fita tara bai san ita ce take toshe kwalbati da damina ba, kuma ita mahauta suke tararwa cunkushe a tumbin akuya. Darasin allo kaɗai ba zai wadatar ba, sai an ajiye kwandon shara a kowane aji, an kuma hana ƙona leda a harabar makaranta, tun da hayaƙinta yana cutar da huhun yara.