Sashen Falsafa Na Samaru Da Tambayoyin Da Ke Gonakinmu

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akan sami gidaje a Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi inda murna kan koma ciki. Yaro ya nemi karatun lauya, sai aka ba shi falsafa. Uban da ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin jarrabawa sai ya tambaya, shin wannan karatu me ake ci da shi? Wasu iyayen kuma tsoronsu daban ne, sun ji an ce mai karatun falsafa daga ƙarshe yakan ce babu Allah, har sukan kawo gargaɗin Manzo Bulus na Kolosiyawa 2:8. To, kafin mu yanke hukunci ya kamata mu san abin da ake yi a irin wannan sashe.

Wanda muka fi sani shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962. Yana ƙarƙashin tsangayar fasaha a Samaru, kan hanyar da motocin Funtua ke bi ta Giwa da Shika su shiga Zariya. A sassan falsafa na ƙasar nan ana koyar da mantiƙi, wato yadda ake gane hujja mai ƙarfi da ta bogi, da ilmin ɗabi'a, da tambayar yadda mutum ke sanin abin da ya ce ya sani, da batun mulki da adalci. Ana karanta su Sokaratis da Aflatun da Aristo na Girka, da masanan Turai na baya, da na Musulunci irin su Algazali da Ibnu Rushdi. Ko ɗalibin likitanci bai tsira ba, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta wa kowa wani darasi na falsafa da mantiƙi. Game da tsoron iyaye kuwa, Bulus ɗin nan da kansa ya tsaya ya yi muhawara da masu falsafa a Atina, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 17 ta nuna, kuma babu fadan Katolika da ake naɗawa bai yi shekaru yana wannan karatu ba.

Damuwarmu a wani wuri take. Me malaman ke bincike a kai, kuma don wa?

Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai da yawan maƙalun da ya buga a mujallun ilmi, kusan duka da Turanci, sau da yawa kuma daga aljihunsa zai biya kuɗin bugawa. Ga tarin ɗalibai na darasin dole, ga takardun jarrabawa da zai duba, ga albashin da hauhawar farashi ta cinye. A 2020 ƙungiyar ASUU ta yi yajin aiki na wata 9, a 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur, gwamnati ta riƙe albashi. Mutumin da ke cikin wannan hali ba abin mamaki ba ne ya zaɓi batun da zai rubuta daga kan teburinsa, ya sake tattauna abin da wani Bajamushe ya faɗa shekara 200 da suka wuce, maimakon ya hau mota ya zo ƙauye. Ba ma ganin laifinsa ƙwarai. Amma hasarar tamu ce.

A kudancin ƙasar nan an yi nisa. Marigayiya Sophie Oluwole, mace ta farko da ta sami digirin digirgir a falsafa a Nijeriya, ta ƙarar da rayuwarta tana nuna cewa a cikin maganganun Yarbawa akwai tunani mai zurfi da za a iya jerawa da na Girkawa. A Gana, Kwasi Wiredu ya riƙa cewa a ɗauki kowace matsala ta falsafa a gwada ta da harshen gida, a ga ko tana nan yadda take. A Kenya, Odera Oruka ya bi ƙauyuka yana zama da tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba, yana ja da su yana rubuta amsoshinsu.

Mu fa? Ba rashin kaya ne ya hana mu ba. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce a kan hikima da mantiƙi da asalin samuwa, amma ɗalibai nawa ne suka taɓa jin sunansa? Muhammadu Alkatsinawi, masanin lissafi, ɗan wannan ƙasa tamu ta Katsina ne, a Alƙahira ya rasu a 1741. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, ɗan littafin da har gobe ake kafa hujja da shi a kan halin Bahaushe, wato Mutumin Kirki na 1974, Bature ne ya rubuta shi, Kirk-Greene. Ya kawo halaye 10, cikinsu har da gaskiya, amana, haƙuri, kunya, mutunci da adalci. Ya yi ƙoƙari, amma fiye da shekara 50 ke nan, kuma bai ga abin da muke gani yanzu ba.

Domin ga abin da ke gabanmu. A ƙauyukan Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara an sha samun inda ɓarayin daji suka sa wa manoma haraji kafin su bar su su girbe abin da suka noma. Mai gari ya tara jama'a, kowa ya kawo nasa. Wanda ya biya ya ceci iyalinsa, amma ya san kuɗin nan harsashi za su saya. Wanda ya ƙi biya ya jawo wa maƙwabtansa. Wa ya yi daidai? Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da su a 2019, abin ya rushe, a Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. A Agusta 2025 aka kashe masallata da asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi, kuma a wannan shekarar dai ƙananan hukumomi da dama suka sake zaman sulhu, inda aka ga mutane sun zo da bindigoginsu a kafaɗa. Shin sulhun da ba a amsa laifi a cikinsa ba sulhu ne? Matar da aka kashe wa miji, wa ke da ikon yafewa a madadinta, hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma? Haƙurin da muke yabo, a ina yake ƙarewa ya zama tsoro? Waɗannan ba tambayoyin soja ba ne, ba kuma na malamin gona ba. Fastoci da limamai suna amsa su kowane mako gwargwadon iyawarsu, kowa ga mabiyansa. Abin da ya rage shi ne wanda zai zauna da Kirista da Musulmi da Bamaguje da Bafillace, ya auna hujjar kowa da mudu ɗaya, kuma wannan ita ce sana'ar mai falsafa.

A Samarun nan akwai misali. Cibiyar Binciken Aikin Gona ba ta tsaya ga rubuta maƙalu ba, irin masara da na auduga da ta fitar suna cikin gonakinmu, shi ya sa manomi bai taɓa tambayar amfaninta ba. Marigayi Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, tarihi ya koyar, amma ya fito da bincikensa fili har masu mulki suka san da zamansa.

Ƙofa kuwa a buɗe take. Sabon tsarin karatun da Hukumar Jami'o'i ta ƙaddamar a Disamba 2022 ya tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. A nan ne ɗan Tafa zai sami gurbi, a nan ne za a iya tura ɗalibin shekarar ƙarshe ya zauna da dattawan garinsu ya rubuto yadda suka fahimci amana da diyya da ramuwa. Ɗaliban da za su iya wannan aiki su ne yaran nan namu da aka ba falsafa ba su nema ba. Suna jin Hausar, sun san hanyar ƙauyen, wasunsu ma da kuɗin iyayensu aka biya harajin.