Ba da Ƙarya Ake Ɗaukaka Mahalicci Ba



Wani hoto ya shigo zauren WhatsApp na zumuntarmu: duniyar Satun, wadda wasu ke kira Zuhal, ta cika rabin sama da zobenta a kan Ƙofar Ɗan Agundi. An rubuta a ƙasa wai alamar ƙarshen zamani ce, mai bangaskiya kaɗai zai gan ta, a rubuta Amin a tura wa mutum goma. Kafin a yi sa'a guda, da yawa cikinmu mun tura. Wannan hoto ƙarya ne, kuma tura shi shaidar zur ce, ko da an lulluɓe ta da sunan Allah.

Mun bi ta titin BUK da dare, muka tsaya a bakin ƙofar muka ɗaga kai. Satun tana nan, amma ɗigon haske ce mai ɗan ruwan ɗorawa, ba ta ƙyaftawa kamar sauran taurari, kuma ba ta kai Zara matar wata haske ba. Iyakar abin da ido yake iya gani ke nan. Ko a lokacin da ta fi kusa da mu, tsakaninmu ya kai kilomita biliyan 1.2. Faɗin manyan zobbanta wajen kilomita 270,000 ne, amma daga nan girmansu a ido kamar murfin kwalba ne da aka ajiye a nisan da ya wuce tsawon filin ƙwallo. Galileo ma, da madubin hangen nesa a hannunsa a 1610, gani ya yi kamar kunnuwa biyu a gefenta. Sai a 1655 Christiaan Huygens ya gane cewa zobe ne. Ashe wayar wani ce za ta nuna shi ya kai girman badala?

Wasu sun ce, ina laifi, tun da hoton ya sa mutane sun tuna da Allah? Ga laifin. Wata ƙanwarmu 'yar shekara 13 ta fita tsakar gida dare biyu tana dubawa. Ba ta ga zobe ba. Ta zo majami'a tana kuka, wai bangaskiyarta ce ta kasa. Mu muka ɗora mata wannan nauyi da yatsunmu. Ran da ta gane mun yaudare ta a kan abin da ido yake iya bincikawa, da wane baki za mu gaya mata abin da ba a gani?

Haka kuma maƙwabtanmu da abokan karatunmu a nan Kano suna kallonmu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka kama da hoton bogi yau, gobe in ya buɗe baki da bishara, wa zai saurare shi?

Gaskiyar kanta ta isa abin sujada. Zobban nan ƙanƙara ce birjik, daga mai girman ƙwayar gero har mai girman ɗaki, kowace tana kan hanyarta. Satun takan ɗauki shekara 29 da rabi kafin ta zagaye rana sau ɗaya. Haɗuwarta da Jufita a sama ranar 21 ga Disamba 2020, wadda aka yi ta kira tauraron Kirsimeti, masana sun lissafa ta tun shekaru da yawa kafin ranar. Wannan tsari ne na Allah wanda ba ya rikicewa. Ubangijinmu kuwa ya riga ya koya mana cewa ba a ba mu sanin ranar dawowarsa ba.

Saboda haka, duk wanda ya tura hoton ya koma inda ya tura, ya ce ya yi kuskure. Kada mu ƙara tura abin da ba mu bincika ba. Mu kuma fita da ƙannenmu da dare in hazo ya lafa, mu nuna musu ɗigon nan yadda yake, mu yi godiya.

Ya Uba, ka tsare bakinmu da yatsunmu daga ƙarya, cikin sunan Yesu. Amin.