Daga Mokolo: Dariyar Allo Tana Bin Mutum Har Kasuwa

Samarin Mokolo, hedikwatar Mayo-Tsanaga a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, suna kallon duniya ta tagogi biyu. Daga Najeriya guntayen bidiyon Big Brother Naija na shigo masu ta waya, daga Faransa kuma tauraron ɗan'adam na kawo masu irin su Les Marseillais. Tun 2020 ma Kamaru ta samu nata, Biggy 237. Duk ana sayar da su da alkawari guda: wai babu rubutaccen labari, mutanen gaske ne a rayuwarsu ta gaske.

A wannan alkawari matsalar take. Wanda ya kalli fim ya san wasa ne. Wanda ya kalli shirin zahiri kuwa yana tashi da yaƙinin cewa ya ga halin wata ƙabila da idonsa.

Alhali tun da aka ƙirƙiro Big Brother a Holand a 1999, aikin bai canja ba. Dubbai ke neman shiga, a tsamo 'yan kaɗan. Mai zaɓen ba ya neman mutum mai natsuwa da sai an daɗe ake gane shi, wanda mai kallo zai laƙaba wa suna cikin minti biyu yake nema: mai faɗa, mai son kuɗi, baƙauye, ustazu. Kyamarori su yi ta ɗauka dare da rana, sannan mai tacewa ya zauna ya yanko abin da zai yi kasuwa. Wuni guda na zaman lafiya ya tafi kwandon shara, minti uku na zage-zage su zagaye WhatsApp. Idan lokacin ƙuri'a ya zo, sai a ji magoya baya na kiran 'yan yankinsu su fito su ceci "namu", kowace ƙuri'a da kowace cacar baki kuma riba ce ga masu shirin.

Ingila ta ɗanɗana a Janairun 2007, lokacin da Jade Goody da ƙawayenta suka riƙa yi wa jarumar Indiya Shilpa Shetty ba'a a kan sunanta, harshenta da girkinta a Celebrity Big Brother. Ƙorafi sama da 40,000 ya isa Ofcom, hukumar da ke sa ido a kan tashoshin ƙasar, kamfanin Carphone Warehouse ya janye tallafinsa, aka tilasta wa tashar Channel 4 ba da haƙuri a allo, Shetty kuma ta lashe gasar. A Faransa, tashar W9 ta gina shirye-shirye sukutum a kan yanki: Les Ch'tis daga 2011, Les Marseillais daga 2012. Mutanen arewacin Faransa da na Marsai da yawa ba su ga kansu a cikin masu ihun da aka ce su ne wakilansu ba.

To, ina ga ɗan arewacin Kamaru, wanda tun kafin a kunna kyamara an riga an ɗinka masa riga? A Duwala da Yawunde, Bafulatani da Bamafe da Batupuri da ɗan Kotoko duk "Hausa" ne, ko "wajo". Hoton da ke kan mutane da yawa shi ne mai suya a unguwar Briqueterie ta Yawunde, mai gadi, mai tura ruwa, tun zuwan rikicin Boko Haram kuma aka ƙara da zargi. Idan aka ce Mokolo, wani ɗan Yawunde babbar kasuwar birninsu kawai zai tuna. In kuwa kyamara ta hawo duwatsun Mandara, inda Mokolo take, abin da take nema sananne ne: boka mai duba da ƙaguwa a Rumsiki, matan Turu da jajayen ƙore a ka ranar kasuwar Alhamis, sai tantunan Minawao, sansanin da aka buɗe wa 'yan gudun hijirar Najeriya a 2013. Duk gaskiya ne. Amma ba kasafai ake tsayawa a kan manomin Mafa ba, wanda ya jera duwatsu da hannu hawa-hawa a gefen tsauni, ya riƙe ƙasar da ruwan sama zai kwashe, yake fitar da dawa da gero a inda baƙo zai rantse akuya ma ba za ta samu abin ci ba. Wannan ilimi ne na ƙarnoni, kuma ba ya ba da dariya, shi ya sa ba ya samun fili.

Har a Najeriya ma, wanda ya fara cin Big Brother a 2006, Katung Aduwak, ɗan kudancin Kaduna ne. Arewa ba ta taɓa zama fuska ɗaya ba.

Sai dai laifi tudu ne. Bahaushe ko Bafulatanin Garwa ko Marwa da ke jin zafi idan ɗan kudu ya kwaikwayi harshensa, sau nawa ya kira maƙwabcinsa na kan dutse "kirdi" ko "Matakam", sunayen da Mafa da yawa ke ɗauka raini? Raunin ba sabo ba ne. Littafin da Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya riƙa adana ayyukansa a ciki daga 1912 zuwa 1927 ya lissafa hare-haren kamun bayi a waɗannan duwatsu. Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta taɓo inda ke ciwo a littafinta Cœur du Sahel na 2022, labarin yarinyar ƙauyen dutse da ke aikatau a gidan masu kuɗi a Marwa. Finafinan Hausa ma sun daɗe suna cin abinci da ɗan Gwari, da Bafulatanin daji, da Inyamuri mai kanti. Wanda ya tura wa abokai bidiyon ba'a ga 'yar aiki daga garin Koza na kan dutse ba shi da bakin kuka ranar da aka mayar da shi mai gadi a allon Duwala.

Doka tana nan. Tun Disambar 2019, sashe na 241-1 na kundin laifuffukan Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3 ga mai kalaman ƙiyayya a kan ƙabila, akwai kuma Majalisar Sadarwa ta Ƙasa mai sa ido a kan tashoshi. Amma alƙali ba zai ɗaure mai tacewa don ya zaɓi minti ukun da suka fi muni ba.

Saboda haka nauyin yana kan masu shiryawa da masu kallo. Masu shirya irin waɗannan gasa a Duwala da Legas su sa 'yan arewa a ɗakin zaɓe da ɗakin tacewa, kada a tsaya ga fuska ɗaya a gaban kyamara. Matasan Mokolo masu ɗaukar bidiyo da waya su nuna garinsu da kansu, da harsunan Mafa da Kapsiki da Fulatanci da Hausa. Mai kallo kuma, idan bidiyon da ke wulaƙanta wata ƙabila ya faɗo wayarsa, ko ba tasa ba ce, ya goge shi, kada ya tura.