Ƙibar yara: darasin aji kaɗai ba ya wadatarwa

A ƙasar da tamowa ke kwantar da yara asibiti kowace damina, maganar ƙibar yara tana iya kama da zancen ƙosassu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 1990 kashi 8 cikin 100 na yara masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima, a 2022 kuwa sun kai kashi 20, watau fiye da yara miliyan 390. Biranen Afirka ba su tsira ba. A Yamai, Maraɗi ko Damagaram, lemun kwalba da biskit da alawa sun fara ture fura da ƙosai daga hannun ƴan lakwal, ga kuma tsohuwar fahimta mai ɗaukar teɓar yaro a matsayin shaidar wadatar gidansu. Ƙarshenta sau da yawa ciwon sukari ne da hawan jini, tun mutum bai manyanta ba.

Abin da ya faru a Fleurbaix da Laventie, ƙananan garuruwa biyu na arewacin Faransa, ya kamata magabatan ilimi su dube shi da idon basira. A 1992 aka shigar da darasin abinci mai gina jiki cikin karatun lakwal ɗin garuruwan. Malamai suka samu horo, yara suka koya, amma a shekarun farko ƙiba ta ci gaba da ƙaruwa. Yaro ya ji darasi da safe, ya koma gida ya tarar da tukunya ba ta sake ba. Sai da iyaye, likitoci, masu kantuna da magadan gari suka sa hannu, aka buɗe filayen wasa, aka riƙa kai yara lakwal a ƙasa, sannan al'amari ya juya. A 2004 kashi 8,8 cikin 100 na yaran garuruwan ne ke da nauyi fiye da kima, alhali a garuruwan da aka gwada su da su adadin ya kai 17,8. Shekara 12 ke nan. Wanda ke son girbi cikin mako guda ba zai iya wannan noma ba. A 2005 kuma Faransa ta hana ajiye injunan sayar da lemu da kayan zaƙi cikin makarantu.

Saboda haka aikin yana farawa cikin aji, amma a ƙofar lakwal ake gane ko ya ci. Gwangwanin lemu guda na santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali hukumar lafiyar ta fi son kada a wuce kamar giram 25 a yini, cokalin shayi 6. Wannan lissafi ne da ɗan aji huɗu zai iya yi bisa allo, uwarsa kuma ta ji shi a ajin yaƙi da jahilci. Hukumar ta kuma nemi kowane yaro ya motsa jiki na minti 60 kullum, abin da ba ya bukatar komi sai fili da malamin da ba zai mayar da lokacin wasa na rubutu ba.

Mata masu talla a bakin lakwal ba abin kora ba ne, domin da cinikin suke ciyar da nasu ɗiyan. Ya dace daraktoci da ƙungiyoyin iyayen yara su zauna da su, a daidaita kan gyaɗa, dabino, kwaɗon zogale da fura maras sukari, a kuma tanadi randar ruwa mai tsabta a kowane aji.