Kafin Ka Sayar Da Gidanka, Ka San Wannan

Jama'a, sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, kuma ta shafi mai sayar da gida, har mu nan Kunci.

Harajin nan a kan riba yake, ba a kan kuɗin ciniki gaba ɗaya ba. In ka sayi gida naira miliyan 3 ka sayar miliyan 5, miliyan 2 ɗin nan ake dubawa. Da kashi 10 cikin ɗari ake karɓa; yanzu ribar tana shiga lissafin kuɗin shigarka na shekara, kason kuma yana iya kaiwa 25.

Amma gidan da kake zaune da iyalinka an yafe shi, tare da filin da ke jikinsa har eka ɗaya. Sai dai sau ɗaya tak a rayuwar mutum. Gonar da ke bayan gari kuwa ba ta cikin wannan rangwame.

To ina matsalar? Yawancin cinikinmu a zauren mai unguwa ake yi, da shaidu da baki. In ba takarda, da me za ka nuna nawa ka saya?

Don haka muna kira ga hukumar tara haraji ta jihar Kano, KIRS, ta fito rediyo ta yi bayani da Hausa. Ku kuma 'yan uwa, kowane ciniki a rubuta, dagaci ya sa hannu, a adana. Ku tura wa na gida.