Kyautar Hannu Ba A Yi Mata Kuɗi

Ranar walimar saukata, aminina da muka taso tare tun makarantar allo ya kawo mini allon zayyana, aikin hannunsa. Wani ɗan uwa da ya gani sai ya ce, "Ai da agogo ya saya maka da ya fi." Wannan magana ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ya kai ɗan uwa, ka san wahalar da ke cikin allon nan? Shi ya fere alƙalaminsa na gamba, ya haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ya nemo ja da ruwan ɗorawa, ya shafe mako 3 kullum bayan Asuba yana tsara zane, sannan ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya. Agogo kuwa, duk mai kuɗi yana shiga kasuwa ya saya. Shi lokacinsa ya ba ni, lokaci kuma ba ya dawowa.

Manzon Allah (S) ya kwaɗaitar da mu yin kyauta domin tana ƙara ƙauna, kuma ba ya raina kyauta komai ƙanƙantarta. To, me ya same mu muke auna zumunci da naira? In muka ci gaba da haka, talakan cikinmu zai ji kunyar miƙo abin da yake iyawa, masu zayyana kuma su ajiye alƙalami.

Saboda haka, wanda aka ba irin wannan ya gode, ya rataye shi a wuri mai tsarki domin ayoyin da ke jiki, ya saka da addu'a.